Wasan Mista Bin Ba Shirmen Yara Ba Ne

Edita, Allah ya taimake ka,

Assalamu alaikum. Maganar da baƙon nan naku ya yi a shirin nishaɗi na daren Asabar ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Mutum ya zauna a ɗakin watsa shirinku ya ce wai wasan Mista Bin shirmen yara ne, babu wata basira a ciki, duk wanda ya iya murguɗa baki da zare ido zai yi abin da ya yi. Mai gabatarwa kuma, maimakon ya taka masa birki, sai ya bushe da dariya yana gaskata shi. Haba Edita!

Idan kowa zai iya, ina sauran? Ranar 1 ga Janairun 1990 aka fara nuna wasan nan a tashar ITV ta Birtaniya, aka gama a 1995, kuma gaba ɗaya kashi 15 ne. Goma sha biyar kacal. Yau sama da shekara talatin ke nan, amma ka shiga shagon aski ko wajen mai cajin waya, za ka tarar da yaran da ko iyayensu ba su yi aure ba a lokacin sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallonsa. Masu murguɗa baki sun cika intanet, sati biyu an manta da su.

Ni malamin makaranta ne, na daɗe ina tsaron jarrabawa, saboda haka bari in yi magana a kan abin da na sani. A kashi na farko akwai inda Mista Bin ya shiga ɗakin jarrabawar lissafi. Ya zo da birori cike da aljihu, ya jera su a tebur, ya ajiye 'yar tsana da agogon tashi daga barci, yana yi wa na kusa da shi kallon raini saboda ya yi karatu. Ya buɗe ambulan, sai ya ga tambayoyin daga ɓangaren da bai karanta ba ne. Edita, ka dubi fuskar nan a wannan lokacin. Na sha ganinta a aji, a fuskar yaron da ya juya takarda ya gane cewa yau ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Daga nan sai dabarun satar amsa: ya miƙa wuya, ya matsa a hankali a kan benci, ya hura takardar maƙwabcinsa don ta ɗaga ya leƙa, ya yar da biro don ya sami dalilin sunkuyawa. Duk na kama ɗalibai da irinsu. Sai da lokaci ya kusa cika sannan ya ji mai tsaro yana bayani, ya gano ashe takarda biyu ce a ambulan ɗin, kuma ta biyun ita ce wadda ya karanta. Wanda ya tsara wannan ya zauna ya nazarci tsoro da girman kai da ha'incin ɗan Adam, ya san daidai daƙiƙar da zai ɗaga gira da wadda zai tsaya cik. Haka ma na coci, inda barci ke fizgarsa yana zamewa daga kujera kaɗan-kaɗan har ƙasa. Wane ne bai taɓa kokawa da gyangyaɗi a wajen wa'azi ba?

Baƙonku ya kasa raba mutum da rigar wasansa. Rowan Atkinson, mai fitowa a matsayin Mista Bin, wanda aka haifa a arewacin Ingila a 1955, injiniyan lantarki ne, ya yi digirin farko a Jami'ar Newcastle, ya yi na biyu a Oxford. A can ya haɗu da Richard Curtis, wanda suka riƙa rubuta wasannin tare. Tun kafin wasan Mista Bin, Atkinson ya yi suna a BBC daga 1979 zuwa 1982 da gajerun wasannin barkwanci na shaguɓe ga 'yan siyasa da masu karanta labarai, waɗanda duk da baki ake yin su. Mutum ne mai kaifin harshe, da gangan ya ajiye harshen. Har a 1987 ya je bikin barkwanci na Montreal a Kanada ya nemi a sa shi gaban masu jin Faransanci, don ya gwada ko wasan zai tsaya da ƙafarsa ba tare da Turanci ba. Ya kuwa tsaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Ina da ƙane kurma, sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana ƙarami. Duk lokacin da muke kallo a gida, shi sai dai ya riƙa bin fuskokinmu da ido. In mun yi dariya ya dube mu, ya taɓa ni in yi masa bayani da hannu, kafin in gama an wuce wajen, sai ya yi ɗan murmushi don kada a ce bai ji daɗi ba. Ranar da yayanmu ya kawo kaset ɗin Mista Bin, yaron nan shi ya riga kowa fashewa da dariya. Inda ya ɗaure kujerar falo a saman 'yar ƙaramar motarsa ya hau can sama yana tuƙi da igiya da sandar goge ƙasa, ƙanena har da hawaye, yana dukan tabarma, shi ne ma yake taɓa ni yana nuna mini abin da ido na ya tsallake. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda bai yi boko ba kuma ba ya son talabijin, ya tsaya a bakin ƙofa da butarsa a hannu har aka gama. Wannan ne kuka bari aka kira shirme a gidanku.

Ban zo in rage wa namu daraja ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro gwani ne, amma da baki yake yawancin aikinsa, in ka kai shi Japan sai an nemo tafinta. Kuma na yarda akwai wuri ɗaya ko biyu a wasan Mista Bin da nake turawa gaba idan yara na zaune, al'adarsu daban da tamu. Da wannan baƙonku ya faɗa da ban ce uffan ba. Amma a ce babu basira? Mutumin da Birtaniya ta ɗauko a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012, ta zaunar da shi cikin manyan makaɗa yana danna maɓalli ɗaya tal da yatsa, ya gaji ya koma dannawa da lema, duniya na dariya?

Ina roƙon ku karanta wasiƙar nan a shirin mako mai zuwa, ko ku gayyato wanda ya san harkar wasan kwaikwayo ya gyara wannan magana.

Sannan tunda na samu dama, don Allah ku duba tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shirye-shirye. Ƙararsa ta ninka ta shirin, sai mutum ya zabura ya rage rediyo, ga kalaman da ba za ka iya sauraro tare da 'ya'yanka ko surukarka ba. Ku mayar da shi can cikin dare ko ku sa su tsabtace bakinsu.

Wassalam.

Naku mai sauraro a kullum,
Malamin makaranta, daga Zariya