A Samar da Ƙwararrun Malamai Masu Zagaya Azuzuwan Share Fage

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu domin in ja hankalin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Katsina da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi game da ƙananan yara masu buƙata ta musamman da ke azuzuwan share fagen shiga firamare.

Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su karɓi waɗannan yara tare da 'yan'uwansu, kuma kowace makaranta ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a kan karatunsu. Sai dai duk wanda ya san makarantun ƙauyukanmu ya san cewa ƙwararrun da muke da su ba za su ishi kowace makaranta ba, kuma ba nan kusa za su wadatu ba. Makarantar makafi ta Katsina da ta kurame ta Malumfashi suna nan, amma da wuya a samu uwar da za ta ɗauki ɗanta mai shekara huɗu daga Baure ko Zango ta kai shi kwana a wani gari, kuma ni ban ga laifinta ba.

Shawarata ita ce, tunda ba za a iya ajiye ƙwararre a kowace makaranta ba, a ba kowane ƙwararre babur da rukunin makarantu masu maƙwabtaka da juna, ya riƙa zagaya su a ranakun da kowa ya sani, kamar yadda malaman gona suke bin manoma har gonakinsu. Yaron zai ci gaba da zama a ajinsu, cikin sa'anninsa na unguwa, taimakon ne zai riƙa zuwa ya same shi.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, babban aikin wannan bawan Allah yana kan malamar aji ne, domin ita ce take tare da yaron kullum, shi kuwa sai mako-mako. Idan ya zo ya janye yaron zuwa gindin bishiya ya yi masa darasi shi kaɗai ya tafi, to sauran kwanakin makon sun tafi a banza. Amma idan ya zauna cikin aji ya lura, zai iya gane cewa yarinyar da ake ce wa mai taurin kai ba ta ji sosai ne tun bayan da ta yi ciwon sanƙarau, sai ya nuna wa malamar ta dawo da ita gaba, ta riƙa fuskantarta idan za ta yi magana, ta kuma tsaya inda haske zai faɗa a fuskarta domin yarinyar ta ga leɓenta. Yaron da hannunsa ba ya riƙe fensir saboda lalurar da ta same shi wajen haihuwa, ana naɗa wa fensirin tsumma ya yi kauri, a sa kafinta ya yi masa kujera mai jingina da madogarin ƙafa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cin kuɗi mai yawa. Sanin yin su ne ba a ko'ina yake ba.

Haka kuma ya kamata mai zagayen ya riƙa shiga gidaje, shi ya sa nake ganin a sa mata da yawa cikinsu, domin su ne za su shiga har ɗaki su zauna da uwa. A can ne za a ga irin maganar hannun da iyali suka riga suka saba yi da ɗansu kurma, a ɗora a kanta. A can ne kuma za a tarar da yaran da ba a taɓa kai su makaranta ba saboda kunya ko tsoron tsangwama. Wanda matsalarsa ta fi ƙarfin malami, a tura shi asibiti da takarda.

Samun ma'aikatan ba abin da zai gagara ba ne. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen ilimi na musamman, akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo. Ina roƙon a binciki takardun malamanmu, a zaƙulo waɗanda suka yi wannan karatu, a mayar da su fanninsu.

Inda nake jin tsoro shi ne kuɗin mai da gyaran babur. Idan ba a sa su cikin kasafin kuɗi ba, zangon karatu ɗaya za a yi ƙwararren ya koma zaman ofis. Kada kuma a mai da shi sufeto mai rubuta laifin malamai, domin daga ranar da malama ta fara tsoronsa za ta daina gaya masa abin da ya gagare ta.

Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34, kuma wasunsu matsalar tsaro ta sa zirga-zirga ta yi wuya. Saboda haka ina ba da shawarar a fara gwaji a Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure na tsawon shekarar karatu guda, a rubuta sunan kowane yaro da abin da yake iyawa a farkon shekara da ƙarshenta, sannan a bayyana wa jama'a sakamakon kafin a faɗaɗa shirin.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Daura, Jihar Katsina.