Zuwa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni ko lissafi yana aiki a besbol idan an shiga Oktoba

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Tunda a gaban mutane ka yi tambayar nan bari amsar ma ta zo a gaban mutane. Cewa ka yi, wannan tsarin da kulob-kulob ɗin besbol na Amurka suka runguma na zaɓen 'yan wasa da tsara wasa da alƙaluma da kwamfuta, ai a kakar wasa kawai yake kai su, da an shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale na watan Oktoba sai ya watse, kuma hujjarka Oakland Athletics ta zamanin janar manajanta Billy Beane wadda ba ta taɓa ɗaga kofi da shi ba. To ni dai a ganina yana aiki, amma ba irin aikin da kake nema daga gare shi ba.

Mu fara da Oakland ɗin, dan gaskiya hujjarka ba ta banza ba ce. Daga 2000 zuwa 2003 sau huɗu a jere suna shiga zagayen farko kuma sau huɗun ana cire su a wasa na biyar, wato na ƙarshe. A 2001 sun ci wasa 102 a kaka, suka ci Yankees biyun farko sannan suka zubar da uku a jere. A 2002 wasa 103 suka ci har da guda 20 a jere ba faɗuwa, da albashin da na Yankees ya ninka kusan sau uku, amma Minnesota Twins ta kore su. A 2003 ma sun sha gaban Boston da biyu suka sake zubarwa. Shi kansa Beane a littafin Moneyball na 2003 ya ce tsarinsa ba ya aiki a wannan mataki, aikinsa ya kai su wurin, abin da ya biyo baya kuma sa'a ce. Mutane sun ɗauki maganar kamar ya sallama, ni kuwa ina ganin lissafin ne ma ya faɗa masa haka.

Ka duba, kakar besbol wasa 162 ce. A irin wannan tsawon sa'a tana wanke kanta, yau ta ba ka gobe ta hana ka, a ƙarshe mai kyau ya fito. Amma zagayen farko wanda ya riga cin uku cikin biyar ne, sauran biyun kuma huɗu cikin bakwai, daga 2022 ma an ƙara wani na biyu cikin uku a gaba. Kamar bambancin lig ɗin Firimiya da kofin FA ne, inda ƙaramin kulob zai iya fitar da babba a rana ɗaya. Kuma besbol ta fi ƙwallon ƙafa wannan halin, dan kulob mafi ƙarfi ma wajen shida cikin goma yake ci. Ɗauki biro ka gwada, idan kulob yana da damar kashi 55 na cin kowane wasa, damarsa ta wuce zagayen wasa biyar wajen kashi 59 ce kawai, idan kuma sai ya wuce zagaye uku kafin kofi to ta dawo kusan ɗaya cikin biyar. Shi ya sa Seattle Mariners suka ci 116 a 2001 ba su ko kai World Series ba, wato zagayen ƙarshe na cin kofi, Dodgers suka ci 111 a 2022 San Diego ta cire su tun zagayensu na farko, St. Louis Cardinals kuwa da 83 kacal suka ɗauki kofin 2006. Seattle ɗin ai ba 'yan Beane ba ne, kaga ciwon bai zaɓi masu kwamfuta ba.

Sannan akwai waɗanda ka tsallake. Boston Red Sox sun ɗauki Bill James aiki, mutumin da ya shafe shekaru yana rubutu kan wannan lissafi tun ana masa kallon mai ɓata lokaci, suka naɗa Theo Epstein janar manaja, a 2004 suka ci kofin da suka yi shekara 86 suna jira. Epstein ɗin ya koma Chicago Cubs, a 2016 kuma suka karya nasu jiran na shekara 108. Dodgers ƙarƙashin Andrew Friedman sun ci a 2020 da 2024. Houston ma sun ci a 2017 da 2022, duk da na 2017 ɗin satar alamun abokan hamayya ta ɓata shi kuma ba zan kare su ba. Bambancin waɗannan da Oakland shi ne sun haɗa lissafi da kuɗi, suna iya sayen manyan majefa biyu ko uku, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo, waɗanda a gajeren zagaye su ne ke ɗaukar yawancin nauyin.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne wasa na shida na World Series ɗin 2020, wallahi har yau abin yana min ciwo. Blake Snell na Tampa Bay yana jifa kamar ba za a taɓa shi ba, jifa 73 kawai ya yi, ya fitar da mutum tara ba su taɓa ƙwallo yadda ya kamata ba, manyan Dodgers uku na farko wato Betts da Seager da Turner kowanne ya zaunar da shi sau biyu, Tampa Bay na gaba da ci ɗaya a zango na shida cikin zango tara na wasan, sai koci Kevin Cash ya fito ya karɓe ƙwallon daga hannunsa saboda alƙaluma sun nuna majefi yana raguwa idan masu bugu suka gan shi karo na uku. Ƙa'idar gaskiya ce fa. Amma wanda ya sako, Nick Anderson, ya gaji tikis, wasanni shida a jere ana cin maki a kansa kafin ranar. Betts ya make shi, Dodgers suka ci 3 da 1 suka ɗauki kofi. A nan Cash ya riƙe adadi ɗaya ya bar wani da yake gabansa, dan gajiyar Anderson ma ai bayani ce da ake iya ƙirgawa, ba sai an yi duba ba.

To amma kar ka manta da ɗaya ɓangaren. A 2003 kocin Boston Grady Little ya bi zuciyarsa ya bar majefinsa Pedro Martinez a fili a wasa na bakwai da Yankees, suna gaba 5 da 2 a zango na takwas, aka farke, Aaron Boone na Yankees ya gama da su, Little ya rasa aikinsa. A 2015 kocin Mets Terry Collins ya bar majefinsa Matt Harvey ya koma zango na tara saboda yaron ya roƙa jama'a kuma suna ihun sunansa, Kansas City suka farke ci biyu suka ɗauki kofi a daren. A 2016 kocin Baltimore Buck Showalter ya ajiye Zach Britton, majefin da ya fi kowa a shekarar wajen rufe wasa, yana jiran sai sun shiga gaba kamar yadda aka saba tun da, har Toronto ta cire Baltimore bai jefa ko ɗaya ba. Waɗannan duk tsohon salo ne ya kashe su, amma ban ji ka ce ido da gogewa ba sa aiki a Oktoba ba.

Wasan da na fi so in nuna maka shi ne na huɗu tsakanin Boston da Yankees a 2004, Boston an ci su uku a jere kuma ana binsu ci ɗaya a zango na tara. Kevin Millar na Boston ya yi haƙuri bai kai wa ƙwallon banza duka ba har majefin Yankees Mariano Rivera ya ba shi bes na farko kyauta, wato tasha ta farko da ɗan wasa ke takawa a zagayen cin maki, wannan shi ne abin da masu lissafi suka fi ƙauna. Sai aka sako Dave Roberts a madadin Millar ya saci bes na biyu, wato ya ruga can ba tare da jiran a bugi ƙwallo ba, abin da masu lissafin lokacin suke cewa kasada ce da yawanci ba ta biya. Amma lokacin maki ɗaya ake nema ko a tafi gida, kuma a irin wannan halin alƙaluman ma suna goyon bayan satar idan mai gudun ya ƙware. Bill Mueller ya buga ƙwallon da ta ba Roberts damar cin makin, suka ci wasan, suka ci uku na gaba. Roberts ɗin nan kuma shi ne kocin Dodgers tun 2016, a kulob ɗin da yake cikin waɗanda suka fi kowa dogaro da alƙaluma.

Ka gaida mutanen gida.

Wassalam.