A Riƙa Duba Mazaunin Saifa Idan Ciwon Cikin Yaro Ya Ƙi Ƙarewa

Ya Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin iyaye da ma'aikatan lafiya kan wata larura da ba kasafai ake samunta ba, wato gocewar saifa daga mazauninta a cikin yara. Asalin wurin saifa shi ne can sama ta hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, inda wasu tantani ke riƙe da ita. Akan haifi yaro tantanin nan sun yi sako-sako ko ma babu su, sai saifar ta riƙa reto a jikin jijiyoyinta na jini, har ta gangaro mara. Ranar da ta murɗe, jijiyar da ke fitar da jini ce ke fara toshewa, saifar ta kumbura, daga baya jinin da ke shiga ya tsaya, namanta ya mutu.

Abin da ke damuna shi ne mun saba ɗora kumburin saifa a kan zazzaɓin cizon sauro ko sikila, wasu ma wanzami suke kai yaro a yi masa tsaga. Yaron da ciwon ciki ke taso masa ya lafa ya sake dawowa, ga amai, ga ƙullutu mai motsi idan an taɓa, hoton ciki yake buƙata, kuma wajibi ne mai ɗaukar hoton ya tabbatar saifar tana wurinta. Hoton Doppler yana nuna ko jini na gudana a cikinta, na CT kuma yana fito da murɗaɗɗun jijiyoyin ƙarara.

Idan an zo da wuri, likita yakan warware murɗewar ya ɗaure saifar a mazauninta, ta ci gaba da aikinta na kare jiki daga ƙwayoyin cuta. Idan ta riga ta mutu, dole a cire ta, kuma a ganina wannan babbar asara ce ga yaron da ke zaune inda sauro ya yi yawa, domin zazzaɓi yakan fi tsananta ga marar saifa. Irin wannan yaro yana buƙatar rigakafin sanƙarau da na ciwon huhu, da shan penisilin na tsawon lokaci, da kwana cikin gidan sauro.

Ina kira ga ƙananan asibitoci da su gaggauta tura irin waɗannan yara inda ake da likitocin tiyatar yara, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Naku,
Wani ma'aikacin jinya, daga Kano