Lauyan da kuka kawo ranar Asabar

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Lauyan nan da kuka gayyato shirinku na rediyo ranar Asabar ya ɓata mini rai, kuma mai gabatarwa ya ƙyale shi yana ta zuba. Sau uku na ƙirga yana cewa duk wanda aka zalunta ya garzaya kotun ECOWAS a Abuja, wai ba sai an gama da kotunan gida ba. Haka ƙa'idar take, ban musa ba. To bayan an yanke hukuncin fa?

Ƙanena direban Keke Napep ne. Da asuba aka kwashe shi a wani samame a unguwarmu, ko takalmi bai saka ba. Yau shekara biyu da wata bakwai, bai ga fuskar alƙali ba. Irin wannan shawarar muka bi. Inna ta sayar da keken ɗinkinta da tumaki biyu, na ɗaure kuɗin a baƙar leda na kai wa wani lauya. Bawan Allah ya ƙirga, ya yi shiru, sannan ya turo mini abina. Ya ce ko mun yi nasara takarda za a miƙo mana, kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, gwamnatin da ka kai ƙara ita ake jira ta aiwatar. Ashe kura za a ba ajiyar nama. Na dawo da kuɗin gida, amma keken ɗinki ya riga ya tafi, Inna kuwa har yau ba ta daina tambayata yaushe za mu Abuja ba.

Me ya hana a tambayi baƙon naku batun Sambo Dasuki? A Oktoban 2016 wannan kotu ta ce a sake shi, a biya shi naira miliyan 15. Sai Disamban 2019 ya fito. Tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ke nan, mai manyan lauyoyi. Ina ga ɗan Keke Napep?

Da ya koma yabon kotun duniya ta Hague kuwa dariya ta kusa kama ni. Tun Disamban 2020 Fatou Bensouda, babbar mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, ta ce akwai hujjar buɗe bincike kan Boko Haram da jami'an tsaron Najeriya. Wa aka gurfanar? Nan Mando a Kaduna aka binne gawa 347 a rami ɗaya bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a 2015, daga gidan rediyonku ba wata tafiya ba ce.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Na ƙarar da katin naira 500 ina kira, da an ɗauka sai ya katse, amma mai tallan maganin basir ya samu minti biyar cur a tsakiyar shirin. In za ku sake kawo lauyan, ku sanar tun da wuri, zan zo da Inna ta yi masa tambayar da kanta.

Naku mai sauraro,
daga Rigasa, Kaduna