Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Hulɗa da Maƙwabta, Leicester

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa mambobi.

An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, sai dai fuskokin da ake gani ba sa canzawa.

Abin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne gayyatar da maƙwabtanmu mabiya addinin Hindu suka yi mana lokacin bikin Diwali. Kun san dalilin kafa wannan kwamiti, wato rikicin da ya ɓarke tsakanin matasan Hindu da na Musulmi a garin nan a 2022. Mun bi titin Belgrave cikin hasken fitilu har zuwa zauren da suka tanada, muka tuɓe takalma a bakin ƙofa, inda yara suka yi zanen ado da gari mai launi-launi, suka jera ƙananan fitilun yumɓu a gefensa. Wata dattijuwa ta bayyana mana cewa bikin tunawa ne da komawar Rama, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa, garin Ayodhya na Indiya bayan shekara 14 a gudun hijira, sannan ta ce ita ma ta san hijira, domin tana cikin 'yan asalin Asiya da shugaba Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972, ya ba su wa'adin kwana 90. Yau jikokinta, haifaffun Ingila, suna koyon harshen Gujarati a ƙarshen mako da kuɗin karo-karon iyaye. Ga masu tsegumi, muna jaddada cewa ba mu shiga ibadarsu ba, su ma ba su nema ba; alewar madara kawai muka sha, muka yi sallar Isha a masallaci.

Ziyarar wurin bautarsu na Neasden da ke Landan, wanda aka buɗe a 1995, ba ta yiwu ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Mun nemi motar haya, amma ƙasa da rabin mambobi ne suka biya kuɗin shekara, duk da cewa na yi ta kiran waya har wasu suka daina ɗauka. Wannan ne kuma ya tsayar da ɗan littafin Hausa da muka fara kan al'adun Hindu, wanda aka yi niyyar raba wa iyaye.

Ma'aji zai zauna da littafin rasit bayan sallar Juma'a mai zuwa, kuma za a karanta sunayen waɗanda ake bi bashi a taro na gaba.

Sakataren Kwamiti