Wasiƙa zuwa ga ɗana mai shirin tafiya Saint-Émilion

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu nan Maraɗi kowa lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama. Saƙonka ya iso, na ji makarantarku ta tura ka wata gonar inabi kusa da Saint-Émilion a ƙasar Faransa, ka yi wata shida kana nazarin ƙasa da cututtukan shuka. Innarka da ta ji an ce garin masu yin giya ne, ranar ko tuwon dare ba ta iya ci ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, ni na taka garin da ƙafata lokacin da aka tura mu kwas a Bordo, tun ba a haife ka ba. Shi ya sa na zauna in rubuta maka, don waya ba ta barin mutum ya ƙarasa magana.

Bari in fara da abin da ya hana ta barci. Inabi ɗan itace ne, Allah ya ambace shi a Alƙur'ani cikin ni'imominsa. Abin da suke mayar da shi ne ba namu ba. Tun ranar farko ka gaya wa mai gonar, cikin ladabi, cewa ba ka sha, kuma ka roƙi aikinka ya tsaya a gona, ban da ɗakin matsa da tsimi. Sau ɗaya za ka faɗa, ba tare da wa'azi ko yamutsa fuska ba. Ni kunya ta sa na yi ta kame-kame, na ce ciwon ciki nake yi, sai aka yi mako guda ana tambayata ko na ji sauƙi a zuba mini. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka liƙa. To, wannan maganar iyakarta bakin kofi.

Garin yana gabas da Bordo, tafiyar kilomita kamar 40, jirgin ƙasa zai kai ka cikin minti talatin da 'yan kai. Mazaunansa ba su kai 2,000 ba, amma in damina ta yi baƙi 'yan yawon buɗe ido sai su hana ka wurin taka ƙafa. A kan tudu yake, arewa da kogin Dordogne, kuma tudun na farin dutse ne, dangin wanda ake haƙa a Malbaza a yi siminti. Da shi suka gina gidajensu, har ƙarƙashin garin ya zama ramuka. Babban cocinsu ma ba gina shi aka yi ba, sassaƙa shi aka yi cikin dutsen a ƙarni na 12, kusa da kogon da wani mai ibada, Émilion, ya zauna a ƙarni na 8. Sunansa garin ya ci. Ka sayi takalmi mai kama ƙasa. Lunguna ne masu gangara da duwatsu masu santsi, ni da takalmin ofis na je, na sha ƙasa a gaban mutane.

Amma ba don coci na ce ka buɗe ido ba. Ka dubi ƙasa. In ka sauko daga kan tudu zuwa kogi, cikin tafiyar da ba ta kai daga gidanmu zuwa kasuwa ba, za ka taka farin dutse mai 'yar ƙasa a kai, ka taka laka a gangare, ka ƙare a rairayi da tsakuwa. Kowane manomi ya san inda wannan ta ƙare waccan ta fara, ya san wace kunya ce ke riƙe ruwa, wacce ke fara jin sanyi, wacce ke rigan sauran nuna. Kuma rubutawa suke yi, shekara bayan shekara, ɗa ya gaji littafin ubansa. Wani tsoho ya taɓa ɗebo mini ƙasa a hannu biyu daga wurare biyu da tazararsu ba ta fi taku ashirin ba, ya ce in murza. Na murza na ji bambanci, kunya ta kama ni, ni da nake malamin gona. Kakanka ma ya san jigawarsa da fadamarsa haka, sai dai ya tafi da saninsa kabari, ba wanda ya rubuta. Wannan nake so ka ɗauko mana.

Ka kuma tambaye su labarin wahalarsu, don kada ka ɗauka daɗi suka tarar. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka ya kusa ƙarar da inabin Faransa. Maganin da ya fisshe su aure ne, irin wanda muke yi wa mangwaro: suka ɗora nasu irin a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, kuma har yau haka ake dashe. A yankin Bordo ne aka gano feshin nan mai shuɗi, haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, na maganin fumfunar ganye. A Fabrairun 1956 sanyi ya kashe gonaki da yawa, a Afrilun 2017 da na 2021 kuma ya ƙone sabon toho. In aka tashe ka da tsakar dare a kunna kyandirori tsakanin kunyoyi don kare toho daga sanyi, ka tashi, kada ka ce ba aikinka ba ne. Daren nan shi ne farinsu, abincin shekara ne ke tafiya.

Tarihin sarauta kuwa za su cika maka kunne da shi. Yankin ya yi shekara ɗari uku a hannun sarakunan Ingila, har yaƙin Castillon na 1453, nan kusa da su. A 1199 Sarki John ya ba garin majalisarsa, Jurade. Juyin juya halin Faransa ya rushe ta, aka farfaɗo da ita a 1948, yanzu sai su sa jajayen alkyabbu a watan Satumba su yi shelar girbi. UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 1999. Ka saurara, ka yaba, mutum na son a san asalinsa.

Za ka ga gidajen gona kamar fada. Kada su ɗauke maka ido daga masu sunkuyo a cikin kunya, 'yan ƙodago, da yawansu 'yan Maroko da mutanen gabashin Turai, wasu a matse suke kwana. Ka gaishe su kamar yadda kake gaida mai gida. Su ne za su nuna maka yadda ake riƙe almakashi, su ne kuma za su gaya maka inda ake sallar Juma'a da inda ake sayar da naman yanka a Libourne, garin da ke kusa da su.

Kada ka shiga kanti ko ka tambayi hanya ba ka fara da bonjour ba, a wurinsu kamar shiga gida ba sallama ne. Da tsakar rana ba a neman kowa, cin abinci suke yi, kuma ba sa gaggawa. Ka riƙa tambayar abin da ke cikin miya, don suna girki da giya da naman alade, har kifin koginsu da jar giya suke dafa shi. Ɗan cincin ɗin Bordo da ake kira canelé da barasa a ciki. Amma makaron ɗin garin, wanda suka ce mata masu zaman ibada ne suka fara yi tun 1620, almon ne da sukari da farin ƙwai, ka ci ka rage wa ƙannenka. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, sai ka tsara barcinka don kada Asuba ta riƙa wuce ka.

Innarka ta so ta aika maka kilishi ta hannun abokinka mai dawowa, na hana, don ba a shiga Turai da nama, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Ta ƙulla maka yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ta ce in gaya maka ka riƙa sa hula, kai da sanyi ba kwa shiri tun kana yaro. Ni kuma in ka samu sarari ka aiko mini hoton ƙasar gangaren nan, a tafin hannunka, ina so in sake ganinta.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka