Ƙafar da Goggo ta ce sanyi ne

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ruwan Kumasi da ba ya ɗaukewa. Na san ka gama yanke mini hukunci, wai na cinye ragon suna na yi shiru. Ajiye sandar tukuna ka ji.

Kwana goma sha tara da haihuwar uwargida, ka san aiki aka yi mata, sai ƙafarta ta hagu ta kumbura, ita kaɗai, sharaɓar ta yi zafi rau. Goggo ta ce sanyin jego ne, tunda 'yan boko sun hana wankan ganye. Ta ɗauko man zafi ta yi ta murza, ni kuma ina riƙe da fitila. Bayan kwana biyu, da asuba, uwargida ta miƙe za ta ɗauki jariri sai numfashi ya gagara. Haki kamar wadda aka koro, ƙirji na sukarta duk sanda ta ja iska, ta yi tari na ga jini a bakin zani. Wallahi ban san da takalmi ɗaya na fita ba sai a asibiti.

Likitar ta sa awo ta gwada ƙafafun biyu, aka yi hoton ƙirji na CT. Ta ce gudan jini ne ya daskare a jijiyar cikin ƙafa, ya ɓalle, ya ratsa ta zuciya, ya je ya toshe jijiyoyin huhu. Mai ciki da mai jego, musamman a makonni shidan farko, jininsu ya fi saurin daskarewa, ga tiyata, ga yawan kwanciya. Da ta tambaya ko mun yi wa ƙafar tausa, ƙasa na kalla. Ashe murzar kan iya ɓallo gudan.

Allurar heparin, maganin hana jini daskarewa, suka fara yi mata a fatar ciki, yanzu tana shan ƙwayar warfarin mai irin wannan aiki, aƙalla wata uku, ana ɗibar jini a duba kada awon daskarewar jinin ya fita daga 2 zuwa 3. Ba a hana ta zogale da alayyahu ba, sai dai kada yau a cika kwano gobe a daina, don ganyen na shafar aikin maganin. Babu ƙaho, babu maganin ciwon jiki na kemis, don gudun zubar jini. Baffa har yau fushi yake, wai an raina wanzanci.

Af, Sarkin Ƙaryar majalisarmu ya ƙara aure! Mutumin da ke cin bashin shayi. An ce amaryar ta girme shi, ni dai ban faɗa ba.

Kai ma da tumbinka, ka zauna a mota kwana biyu daga can zuwa nan kamar buhun goro. Duk inda aka tsaya ka sauka ka taka, ka sha ruwa. Kuma tunda madam ta kusa, in ka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, kada ka saurari kowace goggo, asibiti kawai.

Uwargida ta fara zagaya tsakar gida, tana gaishe ku. Akwai abin da na ɗauki biro don in tambaye ka, ya shige mini. Yaro dai hancina ya ɗauko, Allah Ya kiyaye.

Naka,
wanda ke bin ka turmin atamfa tun bara